Bauta da Yaƙin Basasar Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara karanta tarihin Amurka yakan ci karo da abu guda mai ɗaure kai: mutanen da harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kakanninsu kuma suka haɗu suka kori mulkin Ingila, ta yaya suka koma kashe juna har shekara huɗu? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu sha'awar tarihi suka fi maimaitawa. Duk inda aka ce Arewa ko Kudu, arewaci da kudancin Amurka ake nufi.

Wane yaƙi ne wannan, kuma su wa suka gwabza?

An fara shi ranar 12 ga Afrilu, 1861, aka gama a 1865. Jihohi 11 na Kudu ne suka ɓalle suka kafa ƙasarsu, suka naɗa Jefferson Davis shugaba, gwamnatin tarayya ƙarƙashin Abraham Lincoln kuma ta ce ba ta san zancen ba. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne sojoji 620,000 suka mutu, wasu masana na baya-bayan nan kuwa suna kai adadin 750,000. Jama'ar ƙasar duka a lokacin miliyan 31 ne da ɗoriya.

Da gaske bauta ce ta haddasa shi?

Ita ce, amma ba ta hanyar da mutane da yawa suke zato ba. Ana yawan ɗauka cewa Arewa ce ta ji tausayin bayi ta ɗauki bindiga don ta 'yanta su. Akasarin fararen fatar Arewa ba su da wannan niyyar a 1861, kuma da yawansu ba sa ko son zama unguwa ɗaya da baƙar fata. Abin da aka shafe shekara 40 ana ja-in-ja a kansa shi ne sababbin yankunan da ƙasar ke ta samu ta yamma: za a shiga da bayi cikinsu ko ba za a shiga ba? Wanda ya ci wannan gardama shi zai mallaki Majalisar Dattawa, da kujerar shugaban ƙasa, da Kotun Ƙoli, daga nan kuma makomar bautar kanta tana hannunsa. Wanda ya riƙe wannan zaren, sauran amsoshin ba za su ruɗe shi ba.

Yaya bautar Amurka take?

A 1619 aka sauke rukunin farko na 'yan Afirka a Virginia. A 1662 Virginia ta yi dokar da ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. Mai karatu Bahaushe ya san bawa da baiwa da bacucane daga tarihin ƙasarmu, kuma babu inda bauta ta taɓa yin daɗi. Amma a fiƙihun da muka sani, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana cin gado, yana ma iya hawa sarauta. A Virginia uba yana iya kai ɗan cikinsa kasuwa ya sayar, doka kuma tana bayansa. Launin fata ya zama shi ne alamar, har baƙar fatar da yake ɗa ma sai ya riƙa yawo da takardar shaida.

An hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, amma yawansu bai daina ƙaruwa ba saboda haihuwa. Ƙidayar 1790 ta sami kimanin 700,000, ta 1860 kuwa kusan miliyan 4. A tsakanin nan an kwashi bayi kusan miliyan ɗaya, akasarinsu ta hannun fatake, daga tsofaffin jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa gandayen auduga na Alabama da Mississippi da Louisiana, ana raba miji da mata, uwa da ɗa. Doka ba ta san auren bawa ba, jihohi da dama kuma sun haramta koya masa karatu.

Me ya sa Arewa ta saki bauta, Kudu ta ƙanƙame ta?

Da farko akwai bayi a ko'ina, har New York. Sai dai noman Arewa na ƙananan gonaki ne, bai dogara da bayi ba, don haka jihohinta suka riƙa soke bautar ɗaya bayan ɗaya, wasu nan take, wasu a hankali. New York ba ta kammala ba sai 1827.

A Kudu auduga ce ta sauya lissafi. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, wanda ke raba ta da angurya cikin sauri, aikin da a da yakan cinye wa mutum yini guda a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masaƙun Ingila kuwa ko nawa aka kawo za su saya. Kafin 1860 auduga ta fi rabin duk abin da Amurka ke fitarwa waje, kuma an ƙiyasta kuɗin bayin Kudu da kimanin dala biliyan 3, fiye da jarin da ke cikin layin dogo da masana'antun ƙasar in an haɗa. Da bayi ake jinginar bashin banki, da su ake rabon gado. Kada kuma a wanke Arewa tas: bankunan New York da jiragen ruwanta da masaƙun Massachusetts duk sun sha romon wannan auduga.

Me kundin tsarin mulki ya ce game da bayi?

Waɗanda suka rubuta shi a 1787 sun ƙi saka kalmar bawa ko sau ɗaya, amma sun ba bauta mazauni a wuri uku. Wajen raba kujerun Majalisar Wakilai, za a lissafa kashi 3 cikin 5 na bayi, alhali ba su da ƙuri'a, wato yawansu ƙarfi ne ga iyayengijinsu. Ba za a hana shigo da bayi ba kafin 1808. Bawan da ya tsere zuwa wata jiha kuma dole a mayar da shi. Wannan na ukun ne ya zo ya zama ƙarfen ƙafa, kamar yadda amsar sulhun 1850 ta nuna.

To kowa ya zauna da tsarinsa mana. Me ya hana?

Ƙasar ce ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 1803 Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, girmanta ya kusan ninkawa. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanata biyu gare ta, saboda haka duk sabuwar jiha tana iya karkatar da Majalisar Dattawa. A 1819 jihohin bauta 11 ne, marasa bauta 11, sai Missouri ta nemi shiga da bayinta. Aka yi ta kai ruwa rana har 1820, inda aka shirya cewa Missouri ta shiga da bauta, Maine ta shiga babu, sannan aka ja layi a kan taswira, digiri 36 da minti 30, aka ce sauran yankin Louisiana da ke arewa da shi ba bauta. Tsohon shugaban ƙasa Thomas Jefferson, wanda shi kansa mai bayi ne, ya rubuta cewa rigimar ta firgita shi kamar ƙararrawar gobara da tsakar dare.

Layin ya riƙe har sai da aka sake samun ƙasa. An haɗe Teksas a 1845, aka yaƙi Meziko daga 1846 zuwa 1848, aka karɓe Kalifoniya da makeken yankin da ke tsakaninta da Teksas. Tun ana cikin yaƙin wani ɗan majalisa daga Pennsylvania, David Wilmot, ya kawo ƙudurin hana bauta a duk abin da za a ƙwato. Majalisar Wakilai ta amince, ta Dattawa ta yi watsi da shi. Abin lura a nan shi ne yadda aka kaɗa ƙuri'ar: 'yan majalisa sun ajiye jam'iyya sun bi yanki. Manyan coci-coci ma sun riga su, don Methodist ta dare biyu a 1844, Baptist a 1845, duk a kan bauta.

Me sulhun 1850 ya ƙunsa, kuma me ya sa bai kashe wutar ba?

An karɓi Kalifoniya a matsayin jiha marar bauta, an hana cinikin bayi a babban birnin ƙasar, an bar wa mazauna Utah da New Mexico su zaɓa da kansu. Abin da Kudu ta samu a madadi shi ne sabuwar dokar kamo bayin da suka tsere, kuma ita ce ta ɓata komai. Wanda aka kama ba shi da damar yin magana a kan kansa a gaban shari'a. Jami'in da ke yanke hukunci ana biyansa dala 10 in ya mayar da mutum bauta, dala 5 in ya sake shi. Wanda ya ɓoye bawa yana iya biyan tarar dala 1,000 da zaman kurkuku wata 6, kuma ana iya tilasta wa kowane mai wucewa ya taya kamu.

Kafin nan mutumin Boston, birnin da ke Arewa, yana iya cewa bauta abin can nesa ne, ba ruwansa. Yanzu ta zo ƙofar gidansa. A 1854 sai da aka sa sojoji suka raka wani mai suna Anthony Burns ta titunan Boston zuwa jirgin da zai mayar da shi Virginia, dubban mutane suna kallo suna ihu. Baƙaƙen fata da yawa suka ƙetare zuwa Kanada. Cikin wannan yanayi ne littafin Harriet Beecher Stowe, Uncle Tom's Cabin, ya fito a 1852, aka sayar da kwafi kusan 300,000 a shekararsa ta farko. Jihohin Arewa da dama suka yi dokokinsu na kawo wa kamun cikas, abin da Kudu ta riƙe a zuci har ranar ɓallewa. Amsar da ta shafi 'yancin jihohi ta dawo kan wannan.

Me ya faru a Kansas?

A 1854 Sanata Stephen Douglas na Illinois ya kawo dokar da ta buɗe Kansas da Nebraska, ta ce mazauna su yanke hukuncin bauta da ƙuri'a. Yankunan biyu suna arewa da layin 1820, wato dokar ta share layin ke nan. A takarda abin kamar adalci. A ƙasa kuwa ya zama tsere: kowane ɓangare ya yi ta tura mutanensa da bindigogi. A zaɓen 1855 dubban mutane suka tsallako daga Missouri suka yi aringizon ƙuri'a suka koma gida. Aka wayi gari Kansas tana da gwamnati biyu. A watan Mayun 1856 magoya bayan bauta suka afka wa garin Lawrence, bayan 'yan kwanaki John Brown da mutanensa suka fito da mutum 5 daga gidajensu da dare suka kashe su a bakin rafin Pottawatomie.

A wannan makon ne, ranar 22 ga Mayu, Preston Brooks, ɗan majalisa daga South Carolina, ya sami Sanata Charles Sumner a kujerarsa cikin zauren Majalisar Dattawa ya yi ta dukansa da sanda har ya suma, saboda wani jawabi da ya yi. Sumner ya shafe shekara uku kafin ya koma aiki sosai. Brooks kuwa sababbin sanduna aka riƙa aiko masa kyauta daga Kudu, mazaɓarsa ta sake zaɓensa. A ganina wannan ya fi kowace doka nuna inda aka kai: abin da rabin ƙasa ke kira ta'addanci, ɗaya rabin yana kiransa kare mutunci. Dokar Kansas ce kuma ta ƙarasa jam'iyyar Whig, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu na lokacin, ta haifi jam'iyyar Republican, wadda manufarta guda ce, kada bauta ta ƙara taku ɗaya zuwa yamma.

Wane ne Dred Scott?

Bawan wani likitan soja ne da ubangijinsa ya zauna da shi shekaru a Illinois da yankin Wisconsin, inda babu bauta. Ya kai ƙara yana cewa zaman nan ya 'yanta shi. A watan Maris na 1857 Kotun Ƙoli, alƙalai 7 da 2, ta ce a'a. Alƙalin alƙalai Roger Taney bai tsaya nan ba: ya ce baƙar fata, bawa ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki. Taney ya ɗauka ya rufe bakin kowa. Sai ga shi ya gamsar da 'yan Arewa cewa masu bayi sun mallake kotu, gobe kuma za a ce Illinois kanta ba ta isa ta hana ba.

Masu rajin soke bauta suna da yawa ne?

'Yan ƙalilan ne, kuma ko a Arewa ba a so su ba. William Lloyd Garrison, wanda ya fara jaridarsa The Liberator a 1831, an taɓa jansa da igiya a titin Boston. An kashe ɗan jarida Elijah Lovejoy a Illinois a 1837. Amma muryarsu ta fi yawansu, musamman waɗanda suka ɗanɗana bautar da kansu, irin su Frederick Douglass, da Harriet Tubman wadda ta riƙa komawa Maryland tana fito da mutane ta ɓarauniyar hanya.

Abin da Kudu ta fi tsoro shi ne boren bayi. Labarin Haiti, inda bayi suka yi bore suka kifar da iyayengijinsu, yana ransu, ga kuma boren Nat Turner a Virginia a 1831, wanda aka kashe fararen fata sama da 50. Shi ya sa lokacin da John Brown ya kai hari rumbun makaman tarayya a Harpers Ferry a Oktoban 1859, da mutum 21, da nufin raba wa bayi bindigogi, hankalin Kudu ya tashi matuƙa. Harin bai je ko'ina ba. Sojoji ƙarƙashin Robert E. Lee suka kama shi, aka rataye shi ranar 2 ga Disamba. Amma ranar da aka rataye shi an buga ƙararrawar makoki a garuruwan Arewa, kuma wannan ne Kudu ta kasa haɗiyewa.

Lincoln ya yi alkawarin 'yanta bayi ne da har aka ɓalle saboda shi?

Bai yi ba. Ya ƙi bauta a ransa, kuma a 1858 ya ce gidan da ya rabu biyu ba zai tsaya ba, ƙasar ba za ta dawwama rabi bayi rabi 'ya'ya ba. Amma ya sha nanata cewa ba shi da ikon taɓa bauta a jihohin da take. Abin da ya ƙi sassautawa a kai shi ne faɗaɗa ta.

A zaɓen 1860 jam'iyyar Democrat ta dare biyu, Douglas a Arewa, John Breckinridge a Kudu, ga kuma John Bell na huɗu. Lincoln ya ci da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u da wakilan zaɓe 180, wato wakilan jihohi da ƙuri'arsu ke tabbatar da shugaban ƙasa, alhali a jihohin Kudu 10 ko takardar ƙuri'arsa ba a raba ba. Shugabannin Kudu suka yi lissafi: an zaɓi shugaba ba tare da su ba, duk jihar da za ta shigo nan gaba marar bauta ce, wata rana za a sami rinjayen gyara kundin tsarin mulki. South Carolina ta ɓalle ranar 20 ga Disamba, 1860, wasu 6 suka bi ta, duk kafin a rantsar da Lincoln a watan Maris.

Wasu suna cewa 'yancin jihohi da haraji ne sababin. Fa?

An fi jin wannan bayan Kudu ta sha kaye a yaƙin, lokacin da kare bauta ya zama abin kunya. Takardun da jihohin suka fitar a lokacin ɓallewa suna nan. Ta Mississippi ta buɗe da cewa matsayinta ɗaure yake da bauta. Ta South Carolina kuka take yi da jihohin Arewa da suka ƙi mayar da bayin da suka tsere, wato tana adawa ne da 'yancin waɗancan jihohin na yin dokokinsu. Mataimakin Davis, Alexander Stephens, ya faɗa a Savannah a Maris na 1861 cewa harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata bai kai fari ba, bauta ce ta dace da shi. Kundin tsarin mulkinsu kuma ya hana yin duk wata doka da za ta taɓa mallakar bayi.

Haraji kan kayan da ake shigowa da su ya jawo rikici da South Carolina a 1832, aka sasanta ba a zubar da jini ba. A 1860 harajin yana ƙasa ƙwarai, kuma ƙarin da aka yi a 1861 ya wuce ne bayan sanatocin jihohin da suka ɓalle sun bar majalisa.

Tunda akasarin fararen Kudu ba su da bayi, me suka je yi fagen fama?

Kimanin gida ɗaya cikin huɗu ne ke da bawa a jihohin bauta, ko da yake a Mississippi da South Carolina ya kusa rabi. Sauran kuwa da yawa suna hayar bayi, ko suna aiki a gandayen masu su, ko suna burin saye. An kuma cusa wa matalauci cewa fatarsa ce ta ɗora shi a kan wani, in an 'yanta bayi ya rasa wannan. Ga kishin gari bayan sojojin tarayya sun shigo, ga dokar tilasta shiga soja ta 1862, wadda ta ɗauke wa mai kula da bayi 20 zuwa yaƙi, har talakawa suka riƙa cewa yaƙin na attajiri ne, mutuwar ta talaka. Inda bayi suka yi ƙaranci, ɗokin ɓallewa ma ya yi ƙaranci: mutanen duwatsun yammacin Virginia sun ƙi bi, suka zama jihar West Virginia a 1863.

Wa ya fara harbi?

Kudu. Sansanin Sumter, a mashigin ruwan Charleston ta South Carolina, yana hannun sojojin tarayya, abincinsu ya kusa ƙarewa. Lincoln ya aika cewa zai kai musu guzuri. Dakarun Kudu suka buɗe wuta, bayan kimanin awa 34 sansanin ya miƙa wuya. Lincoln ya nemi 'yan sa-kai 75,000, sai Virginia da Arkansas da North Carolina da Tennessee suka bi 'yan'uwansu. Jihohin bauta huɗu, Delaware da Maryland da Kentucky da Missouri, ba su ɓalle ba.

Yaushe yaƙin ya koma na 'yanta bayi, kuma akwai mutanen yankinmu a ciki?

Bayin da kansu suka fara tilasta batun, don tun watannin farko suka riƙa gudu zuwa sansanonin sojojin tarayya. Ranar 1 ga Janairu, 1863, Lincoln ya shelanta 'yancin bayin jihohin da ke tawaye, ya kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar soja. Kimanin 180,000 suka shiga rundunar ƙasa. Gyara na 13 ga kundin tsarin mulki, a Disamban 1865, shi ya soke bauta baki ɗaya.

Cikin waɗanda aka kai tun kafin 1808 akwai Musulmin Afirka ta Yamma masu karatu, irin su Umar bin Sa'id na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a North Carolina a 1831, ya kuma rasu yana bawa ana tsakiyar yaƙin. Akwai kuma Muhammad Ali bin Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, ɗan Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan mayaƙan Shehu al-Kanemi. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi aka sayar, ya bi ta Tarabulus da Santambul da Rasha, ya isa Amurka yana ɗa. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, bayan yaƙin kuma ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi karatu.